Falalu da Tulun Madina

Duk wanda ya girma a Dutse kafin kwalta ta shigo ya san wani dogon dattijo siriri mai ɗaukar duwatsu a ka yana hawa da su kan dutse. Mutane suna cewa taɓaɓɓe ne, wai wane mai hankali ne zai kai wa Dutse dutse? Sunansa Falalu, kuma hankalinsa ya fi na masu yi masa dariya. Ni Zailani na san abin da ya ɗora masa wannan aiki, domin da hannuna a ciki, ko in ce da bakina.

Falalu ɗan Arɗo Sale ne, rugarsu tana bayan duwatsun gabas. Shekara ashirin da 'yan kai bayan Nasara sun ci Kano, aka ce wa hakimi ya kawo yara boko. Masu ƙarfi suka ɓoye nasu, aka kamo ni ɗan malamin allo da Falalu ɗan makiyayi aka cike gurbi. Muka yi karatu har muka kai kwalejin horon malamai, inda muka haɗu da Lado, ɗan wani mai sayar da hatsi a Ringim. Ni surutu, Lado barkwanci, Falalu kuwa sai ya wuni bai ce uffan ba. Amma ka ba shi yumɓu ka ga aiki. Tun yana bin maruƙa yake gina shanun laka, har in ya gina saniya, Inna tasa takan duba ta faɗi sunanta.

Akwai abin da ban sani ba a lokacin, sai daga baya, amma gara in faɗe shi tun yanzu. A tsakiyar duwatsun nan akwai wani kogo mai ƙaramin baki, ruwan damina yana kwanciya a cikinsa, rana ba ta taɓa ganinsa. Kakar kakan su Falalu, Madina, ita ce ta gano shi tana bin wata saniya da ta ɓata, shi ya sa suke ce masa Tulun Madina. Ba sa taɓa shi sai bazara ta yi tsanani rijiyoyi sun ƙafe. Sannan sukan shiga da shanu goma goma ta kan falalen dutse, na baya yana jan reshen ƙaya yana share sawu. Ranar da aka fara ba yaro sandar kiwo, ubansa zai kai shi can, ya ɗebi ruwa da tafin hannu ya ba shi, ya ce, "Sha, ka kuma yi shiru." Ba a faɗin sunan wurin a kasuwa, ba a ma nuna cewa akwai abin da ake ɓoyewa. Da wannan ruwa garkensu ya tsallake kowane fari tun zamanin Madina.

A shekararmu ta uku, gab da hutun kaka, malaminmu Bature ya ce 'yan kowace ƙasa su haɗu su ƙirƙiro wani abu da zai nuna ƙasarsu. Ranar rabon kyauta manyan Turawa za su zo su duba. Lado ya biyo mu Dutse, muka riƙa zama da hantsi a gindin dabinon bayan gidanmu muna neman dabara.

Kwana uku muna abu ɗaya. Lado ya ce mu yi wasan kwaikwayo, shi alƙali, ni mai ƙara, Falalu akuyar da ake shari'a a kanta. Na ce in mahaifina Malam ya ji na kwaikwayi alƙali a gaban Nasara, fatar bayana zai yi buzu da ita. Ni na ce mu tsara waƙar yabon dabinon Dutse, mu rubuta da ajami da boko. Lado ya ce Bature ba ya jin waƙa, in dabino ne a kai masa kwando ɗaya a huta. Ya ce to mu tara irin kowane hatsi a 'yan ƙore mu jera. Na ce 'yan Zazzau da 'yan Katsina ma da gero suke tuwo, me zai bambanta mu? Muka zo kan saƙa tabarma mai hoton gari, sai muka tuna babu wanda ya iya saƙa a cikinmu. Duk wannan abu Falalu yana gefe yana murza laka.

Haushi ya kama ni, na ce, "Kai ɗan Fulani, an ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kwana uku ko tari ba ka yi ba. Ko ƙasarku ba ta da komai sai wutsiyar saniya?"

Falalu ya matso. Ya buɗe hannunsa ya ajiye abin da yake murzawa a kan tabarma. Dutsen da ke gabanmu ne sak, har da tsagar da ke gefensa. Lado ya dubi lakar, ya dubi dutsen, ya yi tsalle ya ce, "Shi ke nan! Mu gina ƙasar Dutse gaba ɗayanta a kan ƙyaure!"

Muka samo tsohon ƙyauren zaure. Ni da Lado muna kwaɓa laka da ciyawa, Falalu yana gini. Ya yi duwatsu, ya yi fadama, ya yi burtali da kan tsinke, muka soka ganyen kaba a madadin dabino. Sau biyu na ga ya shafe wani wuri a tsakiyar duwatsun da babban yatsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya sake gina shi. Bayan shekaru ya gaya mini cewa in ya shafe kogon sai dutsen ya zama na ƙarya, hannunsa kuma ya ƙi yarda. Ya ce a ransa, rami kamar farce, a ƙarƙashin leɓen dutse, wa zai kula?

To da an tsaya a nan, da babu abin da zai faru. Amma ni uban iyayi, na ce mu shafe ginin da makuba yadda ake yi wa soro don kada ruwa ya ci shi, ranar nuni kuma in zuba ruwa daga buta a ga yadda damina ke gangarowa daga dutse zuwa fadama. Lado ya ce wannan dabara ta fi duka. Falalu ya ce, "A bar zancen ruwan nan."

Na ce, "Don me?"

Ya ce, "A dai bari."

Na ce in babu dalili, mu biyu mun rinjayi ɗaya. Ba shi da bakin faɗin dalili, don faɗinsa shi ne tona asirin. Ya sunkuyar da kai, ni kuma na ɗauka kunyar Fulani ce.

Muka naɗe ƙyauren da tabarma da ciyawa, takarkari ya kai shi Kano, mota ta ƙarasa da shi. Ranar nuni mutane suka watse daga kan kayan kowa suka taru a kanmu. Na ɗaga buta ina ji da kaina, na tsiyaya. Ruwa ya bi kwari ya sauka fadama, aka yi ta tafi. Da ya tsane, sai ga ɗigo ɗaya ya maƙale a tsakiyar duwatsun yana ƙyalli. A cikin baƙin akwai wani Bature mai kula da daji, ya ji Hausa kamar jakin Kano. Ya sunkuya ya daɗe yana duba, ya ce, "A taswirarmu babu ruwa a nan. Kuskuren magini ne, ko akwai shi?"

Falalu ya yi shiru, idonsa a ƙasa. Da na bar shi da shirunsa, da Baturen ya ɗauka kuskure ne ya wuce. Amma na ji zafin a ce abokina ya yi kuskure, na kuma so a san mu. Na ce, "Ranka ya daɗe, Falalu ba ya gina abin da babu. In ya sa rami a nan, to akwai ruwa a nan."

Wallahi yabonsa nake yi. Mu muka zo na ɗaya, aka ba kowannenmu littafi da alƙalami, Baturen kuma ya roƙi ƙyauren ya tafi da shi. Falalu bai ci abinci ba ranar nan, ni kuwa har da yi masa tsiya wai daɗin nasara ne ya toshe masa ciki.

Kafin damina ta zagayo, masu awo sun iso Dutse da ƙyaurenmu a bayan mota. Ba su nemi ɗan jagora ba, ginin Falalu ya ishe su. Suka kafa duwatsun iyaka masu farar ƙasa, suka ce daga yau nan gandun daji ne, ruwan kuma na bariki ne da na itatuwan da za a dasa. Aka sa mai gadi, aka ce duk saniyar da ta tsallaka iyaka an kama ta. Bazarar da ta biyo baya ta zo da fari irin wanda tsofaffi suke ba da labari. Shanun Arɗo Sale sun san hanya, suka riƙa zuwa bakin iyaka suna tsayawa suna kuka, ana kora su da sanda. A nan da yawansu suka kwanta, suna jin ƙanshin ruwan.

Muna gida hutu lokacin da Arɗo ya ɗaure kaya zai yi gabas da 'yan shanun da suka rage. Na raka Falalu rugar, ina tsammanin za a yi zagi da tsinuwa, har na shirya in ce laifina ne. Babu wanda ya ɗaga murya. Falalu ya durƙusa ya ce, "Baffa, ban faɗa wa kowa ba."

Arɗo ya ce, "Na sani, an gaya mini. Amma da na ce ka yi shiru, ai har da hannunka."

Ya miƙa hannu ya karɓi sandar kiwon da ya ba shi tun yana yaro, ya soke ta a cikin kayan da ke kan takarkari. Ƙanwar Falalu, Mu'minatu, ita ce kawai ta waiwayo. Na buɗe baki zan yi magana, Arɗo ya dube ni ya ce, "Ɗan malam, kai ba a ba ka amanar komai ba." Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Falalu bai koma kwaleji ba. Ni da Lado muka gama, muka zama malamai, muka yi tumbi, ana ce mana ranka ya daɗe. Shi ya kafa bukka a tsohuwar rugar, yana noma ɗan abin da zai ci. Bai yi aure ba, bai kuma sake taɓa yumɓu ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ruwan ya ƙare. Ma'aikata suka ga bakin kogon ya yi musu ƙanƙanta, guga ba ya shiga da daɗi, suka fasa shi suka faɗaɗa. Rana ta samu hanya. Cikin shekara uku Tulun Madina ya ƙafe ƙaƙaf, itatuwan da aka dasa suka bushe, aka janye mai gadi, kowa ya manta da wurin. An kashe garke guda saboda ruwan da aka sha shekara uku.

Tun daga nan Falalu ya fara ɗaukar duwatsu. So yake ya mayar da bakin kogon yadda yake, inuwa ta dawo, ruwa ya sake kwanciya, danginsa su komo. Damina takan rushe abin da ya jera, ya sake farawa. Duk kaka yakan je kasuwar Jahun ya nemi fataken shanu masu zuwa gabas, ya ba su saƙo: a gaya wa Arɗo Sale ana gyara. Nakan kai masa hatsi, ya karɓa ya yi godiya. Ko sau ɗaya bai taɓa ce mini kai ka jawo ba, ni kuma ban taɓa samun ƙarfin halin roƙonsa gafara ba.

Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki. Wata bazara da la'asar ya zo ƙofar gidana, ya rame kamar sillen kara, ya ce in biyo shi. Muka hau ta kan falalen dutse, yana jan reshen ƙaya a bayanmu, ko da yake babu sawun da za a share sai namu. Ashe ya riga ya rufe bakin kogon da kyau, sai da muka rarrafa. Can ciki akwai sanyi, akwai kuma ruwa, wanda bai fi ya shayar da saniya biyu ba.

Na ce, "Falalu, ya dawo! Sai a aika gabas."

Ya ce, "Amsa ta zo shekaranjiya, daga Mu'minatu. Baffa ya rasu shekara goma sha tara ke nan. Ta ce in daina aike, yaran da ke riƙe da shanun yanzu ba su san inda Dutse take ba."

Muka zauna a bakin ruwan. Can ya ce ba a barin Tulu babu wanda ya san shi, ga shi ba shi da ɗa, ba shi da ƙane. Ya durƙusa da kyar, ya ɗebo ruwan da tafin hannunsa, ya miƙo mini. Ni, duk duniya ni ya samu. Ya ce, "Zailani, sha, ka kuma yi shiru."

Na sha ina kuka kamar yaro. Falalu bai ga damina ba, Allah ya yi masa rasuwa.

Na riƙe amanar shekara tara ban gaya wa ko matata ba. Sannan masu gini suka gano tulin duwatsu a jere, an riga an fasa musu, suka kwashe su a jakuna zuwa cikin gari. Na hau bara da kyar na duba, babu komai a kogon sai kashin jemage da busasshen ganye. Shi ya sa yau nake faɗa, don yanzu ko na yi shiru babu abin da shiruna zai tsare.