Ƙwannafin da Aka Jiƙa wa Kanwa

Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Wancan" take ce mini. Ko zazzaɓi take yi, sai dai in ji a bakin ƙanwata. A garinmu Korgom yabon mace ake yi da irin wannan kunya, ni kuwa har yau haushinta nake ji.

Wata safiya da kaka na kai musu gero a kan moto, wato babur, na tarar da ita zaune gindin turmi, zufa na tsatsafo mata alhali rana ba ta ko ɗaga ba. Na gaishe ta, ta kau da kai ta amsa wa bango. Ƙanwata ta ce tun jiya take fama da ƙwannafi. An jiƙa mata kanwa, wanzami ma ya yi mata ƙaho a kafaɗa saboda hannun hagu ya yi nauyi. Muna cikin magana ta yi amai, ta dafe ƙirji. Na ce sai asibitin Tasawa. Nan ma ta ƙi hawa bayana, sai da ƙanwata ta shiga tsakaninmu.

A asibiti lokotoro ya ce, "Inna, ina ke ciwo?" Ta kau da kai. Ya dube ta, ya dube ni.

"Kai ne na fari? Ɗan ba mu wuri."

Daga bayan ƙofa na ji abin da ta ɓoye mini. Ta ce kamar an ɗora mata dutsen niƙa a ƙirji, ciwon yana hawa muƙamuƙi yana sauka hannu, numfashi ba ya isarta. Ya manna mata wayoyi a ƙirji, na'ura ta zano bugun zuciyarta, ya ba ta ƙwaya ta tauna. Da ya fito ya ce mini, "Wanga ba ƙwannafi ba ne. Jijiyar da ke kai wa zuciya jini ce ta toshe, kuma an daɗe. Sai Maradi, yanzu."

Muna jiran motar asibiti, ina tsaye nesa yadda na saba, sai na ji an kira sunana. Ban gane muryar ba da farko, don ban taɓa jin sa a bakinta ba. Ta miƙo hannu na riƙe, sanyi ƙalau. Tun kafin motar ta iso na san ba za mu kai Maradi ba.