Mudasiru Mai Awon Hayaƙi

A gidanmu na Salaga kowa awo yake yi. Kakanmu ya auna goro, babanmu hatsi, ni doya nake tarawa. Yayana Mudasiru ne kaɗai ya tashi ya ce hayaƙi zai auna.

Malamin kimiyya ne. Ya koyar a Bawku har ya yi furfura, sannan aka mai da shi Yendi. Darasin da ya fi ƙauna, ni ma na haddace shi dole, don ko tuwo ake ci sai ya kawo shi. Wai ka auna sukari ka ƙone shi ƙurmus cikin bututun gilashi, hayaƙin ya ratsa kwalabe biyu, ɗaya ta shanye ruwa, ɗaya ta kama iskar kabon. Nauyin da ta farko ta ƙara, ɗaya cikin tara haidirojin ne. Na ta biyu, uku cikin sha ɗaya kabon ne. Abin da ya rage, oksijin. Mutumin da ko murhun gawayi bai iya hurawa ba ke nan.

Sai dai bai taɓa yin gwajin da hannunsa ba. Makarantunsa ba kayan aiki, a kan allo yake ƙona sukarinsa da alli. Wata ɗaliba a Bawku ta taɓa tambayarsa, "Masta, kai ka gani da ido?" Ya yi dariya ya wuce, amma maganar ta zauna masa a rai. Ga ritaya ta ƙarato.

A zangonsa na ƙarshe ya bi tsofaffin ɗalibansa ɗaya-ɗaya, ya samo aron bututu, tukunyar oksijin da wani sikeli mai jin nauyin ƙuda. Ya kira ni: "Sahadatu, ki zo Yendi ki gani." Na bar doyata na tafi, don in samu abin tsokanarsa har tsufa.

Ranar, sama ta kwana tana zuba. Sukari ya ƙone, aji ya zuba ido, Yaya ya auna ya yi lissafi. Kabon ya fito kusa da daidai. Haidirojin kuwa goma cikin ɗari, alhali shida da ɗoriya ya kamata. Kwalbar farko ta sha laimar damina ta ƙara da ita.

Wani ɗalibi ya ɗaga hannu, yana nuna littafinsa. "Masta, buku bai ce haka ba."

"Na sani, Aruna. Namu kuskure ne, kuma na san ta inda ya shigo."

Ya juya ya rubuta goman a allo, ƙatuwa. Na buɗe baki zan saki maganar da na tanado tun daga mota, sai tausayinsa ya sa na fasa.

Ya ce kada wanda ya goge lambar sai bayan ya tafi.