Kunun Kanwar Kirsimeti

Ƙanshin kunun kanwa daga maƙwabta ya tuno mini da kakata, ungozomar unguwarmu a Wara. Duk safiyar Kirsimeti sai ta dama shi, wai kowa na ta jariri, an manta da mai jego.

Wata shekara 'ya'yanta biyu suka tayar da tsohuwar gardamarsu: Maryamu uwar Allah ce, ko uwar mutum? Babban ya tashi zai fita. Ta miƙa masa ƙoƙo yana tururi, ta ce, "Ko wa ta haifa, naƙuda dai ta yi. Zauna ka sha."

Ya zauna.

Tun rasuwarta ba su sake haɗa ƙoƙo ba, ni kuma na gaji da shiga tsakani. Allah ya hutar da ke, Inna, ya zaunar mana da su.