Ranar da Tanki Ya Taso Daga Ƙasa

Da maigidana ya yi ritaya, sai ya ce ya gaji da hayaniyar Birnin Kudu, yana son inda zai buɗe ƙofa ya ga gonarsa. Haka muka sayi wani gida a bayan gari, tsakanin Gwaram da Basirka. Wani kamfanin yin hanya ne ya gina wa Turawansa shi tun da daɗewa. Ginin dutse ne, ga rijiya, ga mangwaro.

Ranar da muka je dubawa na ga bututan ƙarfe sun bi gindin bangon kowane ɗaki, duk sun haɗu a wani ɗan ɗaki inda wata tukunyar ƙarfe mai tsatsa take. Na tambayi mai gidan. Ya ce, "Hajiya, na ɗumama ɗakuna ne lokacin sanyi. Kananzir yake sha, amma ya daɗe da mutuwa." Har dariya muka yi, wai a ƙasar nan mutum ya nemi ƙarin zafi. Ba wanda ya tambayi inda ake ajiye kananzirin.

Daminarmu ta farko ruwa ya yi kwanaki yana zuba. Ranar da ya tsagaita Malam ya tafi ta'aziyya Birnin Kudu, ya bar ni da mahaifiyata, wadda ƙafafunta suka daina ɗaukarta. Da la'asar na hura wuta a rumfar bayan kicin, na ajiye Inna a kujera kusa da murhu tana jin ɗumi.

Ina cikin tuƙa tuwo sai bangon gidan ya fara ƙara, ƙwas, ƙwas, kamar ana ɓalla ƙashi.

Inna ta ce, "Ke, wa ke buga ƙarfe a ɗaki?"

Na ce, "Inna, ba kowa a gidan sai mu."

Ban rufe baki ba na ga ƙasar da ke gaban rumfar tana kumbura. Wallahi da idona na gani. Ta tsage, tukwanen da na kife a wurin suka gangara, wani baƙin abu mai faɗi ya fara turo bayansa. Muciya ta faɗi daga hannuna. Bakina ya kasa kama ko addu'a ɗaya, sai "Innalillahi" kawai nake maimaitawa.

Wari ne ya dawo da ni hayyacina. Kananzir! Yana fitowa daga tsagar, yana sheƙi a kan ruwan tsakar gida, kuma gangaren wajen murhu yake, wajen zanin Inna.

Na yi kanta zan ɗaga ta. Ta ture hannuna ta ce, "Wutar tukuna! Kashe wutar!"

Na kifar da tukunyar tuwon a kan garwashi, na riƙa dumbuzar jiƙaƙƙiyar ƙasa ina dannawa. Wani itace ya ƙi mutuwa, na fizge shi da hannu na jefa bayan katanga. Sannan na durƙusa, Inna ta kama wuyana, na goya ta. Santsi na jana, ina jin numfashinta a kunnena tana cewa, "A hankali, 'yar nan, a hankali." Ban tsaya ba sai a gonar maƙwabcinmu, inda muka zube cikin dawa. A nan na ga tafin hannuna ya saɓule.

Maƙwabcin ya tara mutane, suka leƙa daga nesa. Ashe tankin ɗumamar ne a binne. Da ƙasa ta ƙoshi da ruwa sai ya taso kamar gora, ya fizgo bututun da ke cikin bango.

Malam ya dawo ya same mu a gidan mutane. Ya daɗe a tsugune gaban Inna. Washegari aka zuƙe sauran man, aka jawo tankin da tarakta. Rijiyar kam kananzirin ya lalata ta, dole aka haƙa wata can nesa. Ni kuwa sai da kaka ta yi kafin na yarda na ƙyasta ashana a gidan, kullum daga maƙwabta ake kawo mana abinci.