Dokin da Na Karɓa a Tumunina

Har yau in mata sun taru a gidan suna a ƙauyenmu, sai an sami wadda ta ɗauko zancena. Wai ni ce matar da aka ba fadama a gado ta ce a'a, gurgun doki take so. To, ni ce. Ban musa ba, kuma ko a jikina. Abin da ke ƙona min rai shi ne masu ba da labarin nan babu wadda ta taɓa ɗora hannu a wuyan dokin. Shi ya sa na ce bari in rubuta da kaina, tunda shekarun da na yi ina koyarwa a firamare ba a banza suka tafi ba.

Ƙauyenmu yana gabas da Minjibir, inda gona ke manne da gona, in akuyarka ta yi taku uku ta shiga gyaɗar wani. Maigidana manomi ne, amma zuciyarsa tana wajen sukuwa. Ɗan firit ne mara nauyi, irin mahayin da masu dawaki ke nema, don haka da rani yakan yi wa wani Alhaji hawa, mai barga a wajen Ungogo. Alhajin nan ne ya sayo dokin daga waje, irin dogayen nan na Turai da ake haifa don gudu kawai. Akawal ne, baƙi wuluk, fatarsa sirirya har kana ganin jijiyoyin wuyansa.

Tun da ya sauka a bargar bai yi musu rana ba. Ya ƙi ci, ya kayar da duk wanda ya hau shi, in ya ga an nufo shi da kayan hawa sai ya miƙe tsaye yana haniniya. Aka ce iskoki ne. An yi hayaƙi, an ba shi rubutu, duk a banza. Da Alhaji ya gaji sai ya ce wa maigidana, "Ɗauke shi daga gabana, na ba ka halak malak." Shi kuwa bawan Allah ya jawo shi a ƙafa tun daga Ungogo har ƙofar gidanmu.

Da na leƙo na ga haƙarƙari a waje, na ce, "Malam, wannan kuma wace irin kyauta ce? Ai gawa aka ba ka ka binne musu." Sai ya ɗaure shi a turke ya zuba masa harawa.

Ni na fara lura. Ina tsaye da tulun ruwa na ga dokin ya kai baki ga harawa da kwaɗayi, ya ɗan taɓa, sai ya janye kamar ya taɓa garwashi. Yawun da ke zuba a bakinsa ja-ja ne. Na ce wa maigidana ya riƙe min kansa. Da muka samu ya buɗe baki, innalillahi! Harshe a tsage, dasashi duk gyambo. Babu wani aljani. Linzami ne, irin namu na gargajiya, mai zobe a haɓa da wani ƙarfe da ke tokare saman baki, wanda in ka ja doki ke tsayawa cak. Dawakinmu da shi suke tasowa. Shi kuwa wannan tun yana dukushi bai san komai ba sai wani siririn ƙarfe mai laushi. Ashe da nasa ya zo, masu kula da bargar suka duba suka ce wannan ai wasan yara ne, suka jefar, suka cusa masa namu. Manyan mutane da gemunsu, ana ga doki suna ga ƙura!

Wata biyu ina dama masa dusa da 'yar kanwa, ruwa-ruwa kamar kunun mai jego. Ina wanke bakin da ruwan gishiri, ina shafa zuma. Da farko sai an riƙe shi, daga baya da ya ji ƙarar ƙwaryata sai ya miƙo wuya. Linzamin kuwa na jefa shi can ƙasan rumbu, na ce wa maigidana muddin ina gidan nan ƙarfen nan ba zai sake shiga bakin dokin nan ba. Ya shiga birni ya nemo mai laushin.

Horar da dokin gudu a ƙasarmu wahala ce. Da damina ko'ina shuka, sai dai a bi da shi burtali a hankali, maƙwabta suna zuba ido kada kofato ya taɓa kunya ɗaya. Sai an kawar da amfani gonaki sun buɗe, sannan maigidana yake sakin masa linzami bayan sallar asuba. Ranar da na fara ganin ya miƙe sosai a kan saura, tsoro ne ya kama ni. Ban taɓa sanin dabba tana iya haka ba.

Ranar gasarsa ta farko a filin sukuwa na birni, dariya aka yi musu. Dawakin manya sun zo a motocinsu na musamman, namu ya sauka daga akori-kura tare da damin harawa. Ga shi da wata ɗabi'a da ta sa 'yan kallo suka ƙara shewa: in an tashi, sai ya bari kowa ya wuce shi. Yana baya yana bin ƙura har sai an zo kwanar ƙarshe. A nan ne yake kwantar da kunne ya fara cinye su ɗaya bayan ɗaya, kuma maigidana bai taɓa sa masa bulala ba. A waya na ji. Wan mijina, wanda muke kira Yaya, shi ya kira yana ihu har muryarsa ta shaƙe: "Dokinmu ya ci! Dokinmu ya ci!" Dokinmu fa. Mutumin da ko dami ɗaya na harawa bai taɓa kawowa ba. Daga ranar duk hoton da aka ɗauka, ga Yaya nan da babbar riga yana riƙe da ragama.

Rani shida yana gudu. Ya ci, an kuma cinye shi, ba zan yi ƙarya ba. Akwai wani ɗan Sudan ja da ya sha gabansa har sau biyu, akwai kuma ranar da ya ga dama ya ƙi tashi sam, ya tsaya yana kallon jama'a, maigidana ya dawo gida ko tuwo bai ci ba. Amma kofuna sun hau kan kabad ɗina, kuma keken ɗinkin da nake ci da shi yau a wata gasa ya ciyo shi. Alhajin da ya bayar da dokin ya aiko a mayar masa. Maigidana, wanda bai iya musu ba, ranar ya iya. Ya ce a gaya wa Alhaji kyauta ta riga ta tafi.

Sau ɗaya tak na je kallo, a wani gari da ba zan faɗa ba. Mata sun ce me zai kai mace filin sukuwa, na ce ƙafata. Na tsaya a bakin shinge cikin masu tallan goro da hijabina. Aka tashi, ya zauna a baya kamar kullum. A kwanar ƙarshe ya taho, ya wuce uku, ya wuce huɗu, na buɗe baki zan rangaɗa guɗa, sai na ga ƙafarsa ta gaba ta dama ta lanƙwashe. Maigidana yana ja, yana ja, dokin ya ƙi tsayawa. Haka ya ƙarasa a kan jijiyar da ta tsinke, ya zo na biyu. Tun a filin Yaya ya juyo ya ce min, "Kin gani? Da linzamin kirki ne a bakinsa da ya tsaya, da ƙafar ba ta lalace haka ba." Maganar nan ta soke ni, don har yau ban san ko gaskiya ya faɗa ba. Abin da na sani shi ne da linzamin nasu da ko gasa ɗaya bai kai ba, da tuni ya mutu da yunwa a Ungogo.

Ya warke amma da ɗingishi, gudu ya ƙare. Shekara biyu bayan haka, ana tsakiyar yankan gero, zazzaɓi ya kwantar da maigidana, kwana biyar Allah ya karɓi abinsa. Ya bar ni da 'ya'ya mata biyu, ba namiji, wato Yaya ma yana cikin magada. Na shiga takaba, ba fita ba kwalliya. Dokin yana turkensa a ƙofar gida, yaran suna kai masa dusa, ni kuwa ina jin haniniyarsa kowace safiya a daidai lokacin da mai shi yake fitowa.

Ina cikin wata na uku, wata rana da hantsi, na ji ƙugin babbar mota a ƙofar gida, sannan na ji dokin ya yi wani irin kuka da rabona da ji tun zuwansa. Babbar 'yata ta faɗo ɗaki ta ce, "Inna, za su tafi da shi!" Na leƙa ta zaure. Mota ce irin ta fataken da ke bin ƙauyuka suna sayen jakuna da tsofaffin dawaki su kai Kudu, kuma kowa ya san ba noma ake kai su ba, yankawa ake yi. Ga dabbobin nan a cunkushe a baya. Dokin ya toge ya ƙi hawa, shi ne Yaya ya aika aka aro linzamin gargajiya, suka danne shi suka cusa masa. Ƙarti biyu suna ja, jini yana ɗiga a ƙasa.

Ban san lokacin da na fita ba, ko takalmi babu. Mata suna kira ta katanga, "Ke, takaba kike!" Na ce na sani, mijina ne ya mutu ba na wata ba.

"Yaya, wa ya ba ka izinin sayar da dokin nan?"

"Malama, koma ciki, kada ki tara mana jama'a. Dabbar da ba ta da amfani sai ci, marayu za ta cinye wa abinci? Rage muku nauyi nake."

"An raba gado ne?"

"Ba a raba ba, amma…"

"To wallahi ba inda za shi. A kira Liman."

Na je na tsaya tsakanin dokin da motar, na riƙe ragama. Liman ya zo, dattijo mai sanyin magana. Ya fara da cewa in koma ciki, na ce Allah gafarta Malam, zan koma, amma a faɗa min tumunina tukuna. Ya ce magada sun riga sun tattauna, rabona na matar mamaci zai faɗa kan 'yar fadamarmu ta bakin rafi, inda muke albasa da tumatir da rani. Na ce a bar wa Yaya fadamar a cikin rabonsa, ni a ba ni doki, kada a taɓa na yarana.

Liman ya ce, "Malama, gurgun doki bai kai kusurwa ɗaya ta fadamar nan ba. Kin san abin da kike bari?"

Na ce, "Ni nake dasa albasar, ya za a yi ban sani ba?"

Sau uku yana tambayata a gaban shaidu, sau uku ina ba shi amsa ɗaya. Yaya har yana gyara hula don murna. Na juya na kwance linzamin da hannuna. Dokin da ƙarti biyu suka kasa, ya sunkuyo min da kai na zare ƙarfen. Na wurga shi cikin motar na ce wa falken, "Ga abin da za ka kai Kudu."

Na ji jiki, ba zan ɓoye ba. Albasar da nake kyauta da ita na koma saye, wani lokacin ma ta fadamar tawa ce ake kawowa kasuwa. Keken ɗinki ya riƙe mu, da abin da gonar yaran ta bayar. Ciyawa da kaina nake yankowa. Da na fita takaba, kullum da sassafe nakan ja shi mu bi burtali, yana ɗingishi ina tafe, masu zuwa gona suna cewa ga amarya da ango. Nakan ce musu eh, kuma ya fi mazajen wasu kunya. In muka iso saurar da yake gudu a da, sai ya tsaya ya ɗaga kai ya kwantar da kunne, ni kuma in jira shi har ya gama.

Shekara uku muka yi haka. Wata ranar bazara da hantsi na dama masa dusa, ya ci rabi, ya kwanta a gindin turkensa, bai sake tashi ba. Na yi kuka irin wanda ban ji kunyar kowa ba. Aka ce a ja shi daji a bar wa ungulu. Na ce dajin ma ina yake a ƙasar nan? Na sa aka haƙa rami a bayan gida.

Ana cikin mayar da ƙasa sai ga Yaya, ya dawo daga fadama da kwandon tumatir a bayan babur. Ya tsaya ya leƙa ramin, ya ce, "To Malama, ga tumuninki ya shiga ƙasa. Yanzu me kika tsira da shi?"

Na ce, "Da dusa a bakinsa ya mutu, Yaya, ba da ƙarfe ba."

Ya tayar da babur ɗinsa ya tafi. Ni kuma na ɗauki ƙwaryar, na wanke sauran dusar, na kife ta a kan turken.