Kanyar da Kakata Ta Shuka

Shekaranjiya na ga wata yarinya da farantin kanya a bakin tasha, na saya na jefa ɗaya a baki. Zaƙin nan mai ɗan bauri bai gama sauka ba sai ga kakata a raina, da buta a hannu, tana yi wa awaki ruwan masifa.

Mu dai mutanen da ruwan madatsar Tiga ya tasa ne. Ƙauyen kakannina sunansa Kanya, saboda wata tsohuwar kanya da ke bakin rijiyarsu. Ni ban gan shi ba, ya nutse kafin a haife ni. Da aka kwaso mutane, aka zube ƙauyuka da dama wuri guda, manyan suka riƙe sunayensu, kowanne ya zama unguwa. Mu kuwa ba mu da yawa, wasu dangin sun bi kamun kifi, wasu sun yi Dangora. Aka raɓa mu a ƙarshen gari, ake ce mana 'yan Gefe.

Kaka ta tsani sunan nan kamar me. Duk wanda ya faɗa a gabanta sai ta ce, "Wa ya haifi Gefe? A Kanya aka yanke min cibiya, daga Kanya za a ɗauki gawata." Wani tsoho maƙwabcinmu, abokin wasanta, yakan tsokane ta: "To gwoggon yara, ina kanyar?"

Tsokanar nan ce ta sa ta fara binne ƙwallayen kanya a ƙofar gida. Damina ta sauka su tsiro, rani ya shigo awaki su cinye. Haka aka yi ta yi, har ɗaya ta tsira cikin shingen ƙaya. Da ragowar ruwan alwalarta take ba ta sha. Kanya kuwa ba ta sauri. Ranar da Kaka ta rasu, da ƙyar kanyar ta kai ƙirjina. Na ji tsoro ƙwarai cewa tare da sunan muka binne ta, don ko baffannina in sun je kasuwa Gefe suke cewa.

Aiki ya riƙe ni a birni shekara da shekaru. Bara na koma sunan ɗan ƙanena, na tarar gari ya cika da baƙi masu noman rani, har na kasa gane hanya. Wani ɗan acaɓa ya ce, "Baba, ina za mu?" Na ce, "Kanya."

"Hau," in ji shi, ko juyowa bai yi ba.

Da muka iso ya nuna wata doguwar bishiya, mata na tallan kifi a inuwarta. "Ka ga, saboda ita ake kiran unguwar haka. Tun asali tana nan."

Na yi wa Kaka addu'a. Ban gyara masa ba.