Duhun da Ke Tsakiyar Allon Kawu

Kawuna gyaran kwamfuta yake yi, a wani ɗan shago ƙarƙashin bene, inda in ka yi atishawa sai kanka ya bugi rufi. Manhajar Linux yake saka wa kwamfutar kowa saboda kyauta ce, ni kuwa in ce rowa ce kawai. Duk kwamfutar da hotonta ya wargaje wurinsa ake kawowa, ya yi ta lallaɓa ta har ta dawo hayyacinta.

Sai tasa ta fara. Wai wani duhu ya tsaya a tsakiyar allon, haruffa suna lanƙwashewa. Ya sauya manhajar da ke sarrafa hoto, ya canja waya, ya aro wani allon. Duhun yana nan.

Ya kira ni. "Kai sarkin surutu, zo ka gani."

Na leƙa, allon tas yake.

"Kawu, ni ban ga komai ba."

"Dama me ka taɓa gani?"

Ya juyo yana dariya, ya dube ni, sai dariyar ta ɗauke.

"Ga shi a fuskarka ma," ya ce a hankali.

Ashe duhun a idonsa yake, ba a allon ba. Sannan ya miƙo min makullin babur ɗinsa, ya ce yau ni zan tuƙa.